Zo Ka Ga Jinga

Ranar da muka kai Baffa makwancinsa, jama'a sun zo gaisuwa kamar yadda aka saba, amma babu wanda ya zauna da zuciya ɗaya. Mutum zai durƙusa a gabana ya ce, "Ya haƙuri? Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta," kafin in rufe baki da amin ya riga ya waiga wajen kogi. Ban ga laifin kowa ba, don ni ma can idona yake.

Matan unguwar gangare ko dawowarmu daga maƙabarta ba su jira ba. Tun ana ɗinka likkafani suka fara jidar tukwane da tabarmi zuwa kan jigawa. Inna, matar Baffa, ta hango su ta kan danga ta ce, "Ku dube su! Mutum bai gama sanyi ba har sun yanke ƙauna da garin." Sai kuma ta sauke murya ta ce wa matata, "Ke ma ɗaure kayan yara, ki ajiye kusa da ƙofa."

Sarkin Ruwa, babban masuntanmu, wanda kada ya taɓa kama wa cinya bai yi ƙara ba, ya zauna a zaure yana kuka har da majina, ko kunya babu. Ardo ya zo da ƙwaryar nono, ya yi addu'a, sannan ya ja ni gefe ya ce, "Kada ka ɗauka raini ne, amma jibi zan kaɗa shanu tudu." Liman ne kaɗai bai kalli kogi ba. Ni ya kalla, kallon nan kuwa ya fi kogin tsorata ni.

Mahaifina ma ya zo. Ya tsaya a sahun baya aka sallaci yayansa, ya zauna a bakin zaure inda baƙi ke zama. La'asar na yi ya sa takalmansa ya tafi.

Wanda bai san garinmu ba zai ce wane irin makoki ne wannan. A fadama muke zaune, gabas da Hadejia, kan hanyar Guri. Tsakaninmu da kogi babu komai sai jinga, doguwar ƙasar nan da kakanninmu suka tara da hannu don ta tare ruwa. Kuma ruwan da ke cin mu ba namu ba ne. Sama tana iya yin garau a kanmu alhali can yamma wajen Kano ake ta sheƙawa, bayan 'yan kwanaki sai ka wayi gari kogi ya kumbura yana lasar gindin giginya. Kowace shekara gafiya tana haƙe jingar nan, ruwan sama yana zaizaye ta, kuma kowace shekara sai an gyara ta kafin babban ruwa ya iso. Gyaran yana cin hatsin ciyar da 'yan gayya, da kirare, da kara, da abin jidar laka, da hannuwa. Babu mai waɗannan shi kaɗai, sai an bi gida gida an roƙa. Baffa ne ke tara masu wannan roƙo, mu huɗu: Liman, Sarkin Ruwa, Ardo, da ni. Ba shi da sarauta, ko rawanin kirki bai ajiye ba. Bana ciwo ya kwantar da shi tun farkon shuka, muna ta cewa bari ya tashi, bari ya tashi, har ya cika damina ta raba tsakiya ba a taɓa jinga ba.

Ni ɗan fari ne. Ana yaye ni aka miƙa ni ga Baffa, yayan mahaifina, shi ya rene ni, shi ya yi mini aure. Mahaifina ko sunana ba ya kamawa, kamar yadda al'ada take. In muka haɗu a hanya na durƙusa, sai ya dubi wata bishiya ya amsa mata. Ga ni yanzu da furfura a gemu, har yau haka muke.

Liman ne ya ba ni takarda ya ce in rubuta abin da na sani na Baffa kafin ya bi ruwa.

Muna kiran taronsa zaman jinga, amma babu wanda ya taɓa zama a cikinsa. Ana gobe taro Baffa zai ɗauki sanda ya bi jingar daga kai har ƙarshe yana tsokanar kowane rami, sai ya gano inda ta fi laushi. Nan za mu haɗu da hantsi, kowa wando a naɗe, ruwa har gwiwa. Ruwan fadama da safe sanyi gare shi, ga matsattsaku suna neman jini. Ardo ya ƙi jinin wannan tsayuwa. Wata shekara ya ce, "Malam, wai maganar nan ba ta yiwuwa a inuwa ne?"

Baffa ya ce, "Tana yiwuwa mana. A inuwa aka yi ta shekarar da kakarka ta kwana uku a kan kuka."

Sannan sai ya kama hannun mutum ya cusa masa a ramin gafiya har hammata. "Ka taɓo ƙarshensa?" Ka ce a'a. "To, ruwa zai taɓo." Na daɗe ina ganin wannan mugunta ce irin ta tsofaffi. Sai daga baya na lura, mutumin da ya sa hannu a ramin nan, in ya je ƙofar wani roƙo, muryarsa dabam take fita, kuma ba kasafai yake dawowa hannu rabbana ba.

Gaisuwa ɗaya yake yi. "Kun kwana lafiya? Madalla. Iyali da gajiya da labarin kasuwa, a bar su sai ruwa ya janye." In Liman ya ɗaga hannu zai zarce da addu'a, sai ka ji Baffa ya ce, "Allah gafarta Malam, gajeriya. Doguwar muna zuwa masallaci mu karɓa." Duk garin nan babu mai iya faɗa wa Liman haka sai shi, Liman kuwa dariya yake yi. Ardo da Sarkin Ruwa ba sa haɗuwa ba su tayar da tsohuwar rigimarsu ba, ta shanun da suka tattake tarkon kifi. Da sun fara, Baffa zai juya musu baya ya zuba wa kogi ido har su ji kunya. Sai ya juyo ya ce, "Wannan ta zauren Bulama mai gari ce. Nan magana ɗaya ta kawo mu."

Kafin a ambaci gidan kowa, shi zai fara faɗin abin da zai fitar daga rumbunsa, sannan ya dubi na kusa da shi. Haka za a zaga, kowa ya faɗi nasa, kuma kafin azahar abin ya iso gindin jinga. Yakan ce ba zai aiki mutum roƙon abin da shi kansa ya hana ba. Akwai shekarar da rumbunmu ya yi ƙasa sosai, Inna ta tare bakinsa da jikinta ta ce, "Malam, mu kuma mu ci me?" Ya ce, "In ruwa ya shigo, da rumbun da abin cikinsa tare za su narke. Matsa." Ta matsa, amma ta kwana biyu tana ba shi tuwo ba miya, shi kuma yana ci yana yaba hannunta.

Bayan nan sai rabon ƙofofi. Ba ya ɗora wa mutum ƙofa, kowa da bakinsa yake faɗin gidan da zai je. In wani ya ce, "Ya kamata a je wajen masu kara," sai Baffa ya ce, "Wa zai je? Yau ko gobe?" Ba za ka fita daga ruwan nan ba sai ka amsa. In ka zaɓi gidan da bai dace da kai ba yakan girgiza kai. Ya taɓa hana Sarkin Ruwa zuwa wajen ƙananan masunta, ya ce, "Waɗannan tsoronka suke ji, za su bayar suna zaginka a ciki, baɗi su ɓuya. Je ka inda ake jin kunyarka." Bayan kwana uku mu sake haɗuwa a cikin ruwa, kalmar farko da zai jefa maka ita ce, "Ƙofarka?" Na rantse na fi son in gamu da kura da in tsaya a gabansa in ce ban je ba.

Akwai wata tsohuwa a unguwar gangare, mai kaɗin auduga, ba miji, ba ɗa, ba rumbu. Kowa Iya yake ce mata. Babu wanda ya taɓa ɗaukar ƙofarta, don me za a roƙa a can? Wata shekara sai ga ta da kanta tana dogara sanda, da ɗan gero a faifai wanda ko kaza ba zai ƙosar ba. Tausayi ya kama ni, na ce, "Baffa, a mayar mata abinta." Ya harare ni ya ce, "Mayar mata, ka gaya mata jingar ba tata ba ce." Ya karɓa da hannu biyu, ya zuba a cikin babban tuli.

Al'adarsa ce in an gama aiki ya koma kowace ƙofa ya yi godiya, ya fito da mai gidan ya zo ya taka jingar da ƙafarsa. Shekarar nan da Iya ya fara, ga fatake da masu garke a tsaye suna jira. Ya riƙe mata sanda, suna tafe a hankali, ya nuna mata wani wuri ya ce, "Iya, nan geronki ya tsaya." Daga ranar, duk wanda ya zo sayen zare sai ta ba shi labarin jingarta. Kowace damina kuma sai ta zo da faifanta. Abin da ba ta sani ba, kifin da ke zuwa mata da rani, wanda ake cewa sadakar masunta ce, daga hannun Baffa yake fitowa.

Ba zan rubuta cewa ba shi da aibu ba, don ya tsani ƙarya yana da rai, ba zan yi masa ita yana kabari ba. Baffa yana da kaifin harshe, kuma harshen nan ya yi mana ɓarnar da har yau muke biya da wuyanmu.

Mahaifina falke ne, kanwa yake ɗaukowa daga Borno, duk garin babu mai jakai irin nasa. A da yana cikin 'yan zaman jinga, jakansa ne ke jido laka daga bayan gari a cikin mangala. Wata shekara ya dawo daga tafiya da riba, ya zo taro da sabuwar riga da takalman fata, ya tsaya a kan busasshiyar ƙasa bai sauko ba. Daga can sama ya shiga lissafa marowatan gari, wane ya kamata ya ba da kaza, wane yana ɓoye hatsi. Jakai kuwa, ya ce, sun gaji, sai sun huta tukuna a ga abin da Allah zai yi.

Baffa ya ɗaga kai daga cikin ruwa ya ce, "Auta." Haka yake kiransa, ko da gemunsa ya yi fari. "Sauko ka jiƙa ƙafa, ka faɗi abin da ka kawo, sannan ka nuna gidan wani. In ba haka ba koma gida ka tsare rigarka."

Mahaifina ya ce, "A gaban mutane, Yaya?"

"Ruwa ma a gaban mutane zai ci mu."

Ina tsaye a wurin, ruwa har gwiwa, na rasa inda zan sa idona. Mahaifina ya juya ya tafi. Tun daga ranar jakansa ba su sake ɗaukar laka ba. A ka muke jidarta, maza da mata, a kwanduna, aikin kwana biyar ya koma na kwana goma sha wani abu. Tsakaninsu ba a bar sallama ba, amma ita kaɗai ta rage.

Duk da haka, kowace shekara in ana rabon ƙofofi, Baffa zai ce, "Ƙofar Auta tawa ce." Zai je, ya yi sallama, a shimfiɗa masa buzu, a kawo ruwa. Bai taɓa cewa a ba shi jaki ba. Abin da yake faɗa ɗaya ne: "Zo ka ga jinga." Mahaifina ya ce, "In Allah ya yarda." Shi ke nan. Bayan kwana uku, a cikin ruwa, Baffa zai tambayi kansa da kansa a gabanmu, "Ƙofata? Na je. Bai zo ba." Na taɓa ce masa, "Baffa, me ya sa kake wahalar da kanka?" Ya ce, "Gaskiya na faɗa masa, amma na faɗe ta inda bai kamata ba. Ni na kulle ƙofar nan, ba zan bar wa wani ƙwanƙwasarta ba."

Yanzu na zo kan abin da ya sa kallon Liman ya tsorata ni. Ba wannan ne karo na farko da zaman jinga ya faɗo kaina ba.

Shekarun baya kurkunu ya fito wa Baffa a ƙafa biyu, ko tsayuwa ba ya iyawa. Ya ce in tara mutane. Ni kuwa a lokacin ina ganin na fi shi sanin darajar manya. Na ce yaya zan tsayar da Liman da sa'o'in ubana a cikin ruwa? Na share zaure, na shimfiɗa sababbin tabarmi, na sa aka dama fura da nono, na raba goro. Ban tsaya ga mutum huɗu ba, na gayyato duk mai gemu a garin. Kai, taro ya yi kyau! An gaisa har an gaji, Liman ya yi doguwar addu'arsa, an sasanta rigimar shanu da tarko, an yi hirar farashin kanwa. Da aka zo kan jinga kowa ya ce ai wannan dole ne, za a yi, in Allah ya so ba za a ji kunya ba. Aka watse ana sa mini albarka. Na shiga wurin Baffa ina fara'a na ce an gama, kowa ya yarda. Zazzaɓi na cinsa, bai tambaye ni komai ba.

Kwana ya bi kwana, babu dami ɗaya da ya iso gindin jinga. Kowa yana zaton wani ya je. Ni kuma kunya ta hana ni bin dattawan da suka sha furata in ce musu ina alkawari.

Da rana jingar ta fashe, ana shirin sallar la'asar, sama garau babu ko gajimare. Abin da na fara ji shi ne karnuka, sannan wata ƙara mai kama da ta garken shanu a guje. Kafin mu kai gangare ruwa ya kai ƙugu. Na ga rumbuna suna durƙushewa ɗaya bayan ɗaya, na ga akuya a kan jinka tana juyawa, na ga mace ta ɗaga jariri sama da hannu biyu tana kiran sunan Allah. Masunta suka hau manyan gorunansu na su suna tsamo mutane. An tsamo kowa, ban da mutum ɗaya. Ɗakin Iya ya zauna a kanta. Sai bayan kwana biyu muka same ta, mazarinta na nan kusa da hannunta.

Baffa ya sa aka ɗauke shi a kan ƙyauren ƙofa aka kai shi bakin inda ta fashe. Na tsaya ina jiran zagi, har ina fatansa. Bai zage ni ba. Ya daɗe yana duban ruwan, sannan ya ce, "A ina kuka yi taron?"

Na ce, "A zaure."

"Ƙafar wa ta jiƙe?"

Bai ƙara ba, har ya koma ga Allah bai sake tayar da maganar ba. Amma ni ba ranar da ba na jin tambayar nan. Garin nan ma bai manta ba. Matan gangare da suka kwashe tukwanensu ranar jana'iza ba kogi kaɗai suke gudu ba. Sun san wanda zaman jinga ya faɗo wa, kuma suna da gaskiya.

Ranar sadakar uku Sarkin Ruwa ya zo mini da mummunan labari. Masuntan da suka gangaro daga wajen Miga sun ce ruwa ya riga ya haye gonakinsu na bakin kogi, ja wur, yana tafe da itatuwa. Ya ce, "In ya yi jinkiri, kwana bakwai." Na ce, "Ba jakai fa, kwana nawa za mu yi muna jidar laka a ka?" Duk mun san amsar.

Zaure cike yake da masu gaisuwa, ga tabarmi a shimfiɗe, ga gumba ana rabawa. Wani dattijo ya ce, "To, tunda ga mu a haɗe, a yi maganar jinga a nan mana." Wallahi saura kaɗan in ce to. Ya fi sauƙi, kuma babu mai zargina, ina cikin makoki. Sai na ji bakina ya ce, "Gobe da hantsi, a gindin giginya. Mutum huɗu." Liman ya sunkuyar da kai. Ardo ya ce, "Shanuna fa?" Na ce, "Kaɗa su, amma kai ka dawo."

Da yamma na ɗauki sandar Baffa na bi jingar. Ban taɓa ganinta a wannan hali ba. Kusa da giginya sandar ta shige duka har da hannuna, ta wancan gefen kuma ƙasa ta riga ta fara tsattsafo da ruwa.

Da hantsi muka shiga. Na gaishe su gaisuwa ɗaya. Na cusa hannun kowa a ramin, da na Liman, ina ba shi haƙuri a zuciyata. Na faɗi abin da zan fitar daga rumbuna, suka faɗi nasu. Liman ya ɗauki masu hatsi na cikin gari, Ardo ya ɗauki rugage, Sarkin Ruwa ya ɗauki masu kirare. Saura ƙofa ɗaya, kowa ya san ta, kowa ya san in babu jakai aikin banza muke yi, kuma ayarin mahaifina jibi zai tashi Borno. Mai cewa "tawa ce" yana ƙarƙashin ƙasa.

Na ce, "Ƙofar Baba tawa ce. Yau."

Tun da aka haife ni ban taɓa zuwa wurin mahaifina da wata buƙata ba. Na tarar ana ɗaure kaya a ƙofar gida, jakai na cin harawa. Na yi sallama, na durƙusa nesa da buzunsa, laka na bushewa a ƙafata. Ya amsa yana duban katanga. A hanya na shirya magana mai tsawo, ta rayukan mutane, ta zumunci, ta jakai. Da na buɗe baki duk ta gudu, sai guda ɗaya ta rage.

Na ce, "Baba, zo ka ga jinga."

Sai ya ce wa katangar, "Shi ya ce a zo a faɗa mini?"

Na ce, "Bai bar saƙo ba. Ƙofa ce ta rage, na ɗauka."

Bai ce in Allah ya yarda ba. Na jira har ƙafafuna suka yi sanyi, na tashi na tafi, ban san abin da na samo ba.

Saboda ƙurewar lokaci ba mu jira kwana uku ba, washegari muka koma gindin giginya. Kogi ya hau da kusan taƙi guda, ya sauya launi, yana tafe da kumfa da karare. Inda jiya ruwa ke gwiwa yau yana cinya. Na tambayi Liman ƙofarsa, ya ce ya je, hatsi na tafe. Ardo ya je. Sarkin Ruwa ya je. Na buɗe baki zan tambayi kaina kamar yadda Baffa ke yi, sai na ga Ardo yana kallon bayana.

Mahaifina ne a kan jinga, daidai inda ya tsaya waccan shekarar, da babbar riga da takalman fata. Ya dubi kogin, ya dubi ramin, ya dubi inda ƙasa ke tsattsafowa ta gefen gari. Sai ya sunkuya ya cire takalman, ya ajiye su a gefe, ya tattare rigar a kafaɗa, ya gangaro yana santsi har Sarkin Ruwa ya tare shi. Babu wanda ya kama masa hannu, da kansa ya cusa shi a ramin har hammata. Na ga fuskarsa ta canja.

Ya miƙe, laka na zuba daga hannunsa, ya ce, "Jakaina duka. A kwance kayan Borno, a ɗaura musu mangala." Ya ƙara da cewa, "Kuma ba za su isa ba." Sannan ya juyo ya dube ni, ni ɗin nan, ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba tun ina cikin zane. Ya ce, "Wace ƙofa ce tawa?"

Na ce, "Baba, a nan kowa da bakinsa yake faɗa."

Ya ce, "Fataken Hadejia, masu jakai. Suna jin kunyata. Yau."

Jiya ke nan. Yanzu da nake rubutun nan a gindin giginya, jakai na ta kai da kawowa, matan gangare sun sauko daga jigawa suna tuƙa wa 'yan gayya tuwo, amma ba su dawo da sauran kayansu ba, ni ma ban ce su dawo da su ba. Mahaifina bai dawo daga Hadejia ba tukuna. Kogi ya ƙara hawa tun safe. Ban sani ba ko za mu riga shi, kuma tsoro bai sake ni ba ko kaɗan. In takardar nan ta tsira mu ba mu tsira ba, wanda ya tsince ta ya yi wa mutumin nan addu'a. Ya Ubangiji, bawanka ya sha tsayuwa cikin ruwan sanyi saboda gidajen da ba nasa ba, ka shimfiɗa masa inda babu laima, ka yafe masa kaifin harshensa, ka bar mana jingarsa a tsaye.

Akwai kuma abin da ban samu na faɗa a cikin ruwa jiya ba, don ba a kai ga tambayata ba. Bari in faɗe shi a nan.

Ƙofata, Baffa? Na je. Ya zo.